Yadda Amurka Ta Tashi Daga Ware Kai Zuwa Mallakar Ƙasashen Ƙetare

A jawabinsa na kama aiki ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya yabi William McKinley, shugaban Amurka na 25, ya ce zai mayar da sunansa kan dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, sannan ya ce Amurka za ta karɓe mashigin ruwan Panama. Kafin wannan rana da bayanta ya yi ta nanata cewa ƙasarsa na buƙatar tsibirin Greenland da ke ƙarƙashin masarautar Denmark. Maganar ta ɗaure wa mutane da yawa kai, domin wanda aka sani da kiran a janye hannu daga rigingimun duniya shi ne kuma yake neman ƙarin ƙasa. Tarihin Amurka ya nuna cewa waɗannan manufofi biyu sun daɗe suna tafiya tare, kuma zamanin McKinley, musamman shekarar 1898, shi ne wurin da ya fi dacewa a duba don gane yadda aka yi.

Ware kai da mulkin mallaka

Manufar ware kai, kamar yadda Amurkawan farko suka fahimce ta, ita ce ƙin ƙulla ƙawancen soja da ƙasashen Turai da ƙin shiga yaƙe-yaƙensu. George Washington ya yi wannan gargaɗi a wasiƙarsa ta bankwana a 1796, Thomas Jefferson ya sake jaddada shi a 1801, sannan a 1823 Shugaba James Monroe ya ƙara wani sharaɗi, cewa Amurka ba za ta tsoma baki a harkokin Turai ba, su ma Turawa kada su sake kafa sabon mulkin mallaka a nahiyoyin Amurka. Babu inda wannan manufa ta hana ciniki da ƙetare, kuma babu inda ta hana faɗaɗa ƙasa.

Hasali ma ƙarni na 19 gaba ɗayansa na faɗaɗa ne. Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ta ƙwace kusan rabin ƙasar Meziko bayan yaƙin 1846 zuwa 1848, ta sayi Alaska daga Rasha a 1867 kan dala miliyan 7.2, kuma a duk tsawon wannan lokaci tana korar 'yan asalin nahiyar daga ƙasashensu da ƙarfin bindiga. Sai dai akwai ƙa'idar da aka shimfiɗa tun 1787: yankin da aka samu za a cika shi da fararen fata 'yan ci-rani, in yawansu ya kai, ya zama jiha mai cikakken 'yanci daidai da tsofaffin jihohi.

Mulkin mallaka na ƙetare ya bambanta da wannan. Shi ne ƙasa ta riƙe wata ƙasa mai nisa, mai cike da jama'arta, ta mulke ta ba da yardarsu ba, kuma ba da niyyar mayar da su 'yan ƙasa masu haƙƙi ɗaya da nata ba. Wannan ne Amurka ta daɗe tana ƙyama, ganin cewa ita kanta tawaye ta yi wa Ingila kafin ta samu kanta. A 1870 Shugaba Ulysses Grant ya nemi haɗe Santo Domingo (Jamhuriyar Dominika ta yau) da Amurka, Majalisar Dattawa ta ƙi. A taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka, Amurka ta tura wakilai, amma ba ta taɓa amincewa da yarjejeniyar a hukumance ba. Shekaru goma sha uku kacal bayan haka sai ga ta riƙe da tsibirai daga tekun Karebiya har zuwa bakin nahiyar Asiya.

Abubuwan da suka sauya lissafi

Na farko shi ne ƙasar da ake ci ta tudu ta ƙare. Ƙidayar 1890 ta bayyana cewa babu sauran wata iyaka a yamma da za a ce nan ne ƙarshen matsugunan fararen fata, kuma a watan Disambar wannan shekara ne sojoji suka karkashe ɗaruruwan 'yan ƙabilar Lakota a Wounded Knee, abin da ake ɗauka a matsayin ƙarshen manyan yaƙoƙin yamma. Masanin tarihi Frederick Jackson Turner ya yi bayani a 1893 cewa wannan buɗaɗɗiyar iyaka ce ta gina halayyar Amurkawa, sai masu faɗa a ji suka fara tambayar inda ƙarfin ƙasar zai nufa bayan rufewarta.

Na biyu, wanda ya fi taɓa aljihu, shi ne tattalin arziki. Bayan yaƙin basasa masana'antun Amurka sun bunƙasa har ta wuce Birtaniya wajen sarrafa ƙarfe, manoma kuma suna noma alkama da auduga fiye da abin da kasuwar cikin gida za ta iya ɗauka. Da kasuwa ta karye a 1893, ɗaruruwan bankuna da dubban kamfanoni suka durƙushe, miliyoyin mutane suka rasa aiki, yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1894 kuma sai da aka fito da soja kafin a murƙushe shi. 'Yan siyasa da yawa suka yanke cewa ciwon shi ne kaya sun yi yawa masu saye sun yi kaɗan, maganin kuma kasuwannin waje, musamman ta Sin, wadda a lokacin Turawa da Japan ke rige-rigen yanka wa kansu yankuna a cikinta.

Daga nan maganar ta koma kan ruwa. Wani hafsan sojan ruwa, Alfred Thayer Mahan, ya wallafa littafi a 1890 yana mai cewa duk daular da ta yi ƙarfi a tarihi da jiragen yaƙi ta yi shi. Jiragen wancan zamani da kwal suke tafiya, jirgi kuma ba zai ratsa tekun Fasifik ya yi yaƙi ya dawo ba sai yana da tashoshin da zai tsaya ya yi lodin kwal ya yi gyara. Ke nan mai son kasuwar Sin yana buƙatar jirage, jirage na buƙatar tsibirai, sannan ana buƙatar mashigi a tsakiyar nahiyar Amurka da zai haɗa tekunan biyu. Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, da Sanata Henry Cabot Lodge sun rungumi wannan tunani hannu bibbiyu. A gefe guda kuma akwai aƙidar fifikon jinsi, wadda malaman coci irin su Josiah Strong suka yaɗa, cewa an ɗora wa fararen fata masu magana da Ingilishi nauyin wayar da kan sauran al'umma.

Masana tarihi ba su daidaita kan wanne ne ya fi nauyi ba. Walter LaFeber da masu ra'ayinsa na ganin neman kasuwa ne ginshiƙi. Julius Pratt kuwa ya nuna cewa manyan 'yan kasuwa da dama sun ƙi yaƙi da Sifaniya tun farko, don suna tsoron ya dagula farfaɗowar da aka fara samu, sai bayan nasara ta zo da sauƙi suka sauya baki. Hujjojin biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda: matsin tattalin arziki ya share fage, 'yan siyasa ƙalilan masu tsari a hannu kuma suka yi amfani da damar da ta faɗo.

Hawai: gwajin farko

A tsibiran Hawai aka fara ganin yadda abin zai kasance. Masarauta ce mai cin gashin kanta, amma jikokin 'yan mishan na Amurka sun mallaki manyan gonakin rake, kuma yarjejeniyar 1875 ta ba su damar shigar da sukari Amurka ba tare da kuɗin fito ba. A 1887 suka tilasta wa Sarki Kalakaua sa hannu kan tsarin mulkin da ya rage masa iko, a wannan shekara kuma Amurka ta samu izinin amfani da tashar Pearl Harbor. Dokar haraji ta 1890, wadda McKinley ya jagoranta tun yana ɗan majalisa, ta soke fifikon da sukarin Hawai ke da shi, masu gonaki suka ga cewa mafitarsu ita ce tsibiran su zama ɓangaren Amurka.

A Janairun 1893, da Sarauniya Liliuokalani ta yi yunƙurin maido da ikon sarauta, masu gonakin da magoya bayansu suka kifar da ita, jakadan Amurka John Stevens kuma ya sauko da sojoji daga jirgin yaƙin Boston suka ja daga kusa da fada. Shugaba Grover Cleveland, da ya hau mulki bayan makonni kaɗan, ya janye yarjejeniyar haɗewar daga majalisa, ya sa aka yi bincike, ya kuma bayyana cewa an zalunci sarauniyar. Wannan ya nuna tsohuwar ƙyamar tana da sauran ƙarfi. A 1897 'yan asalin Hawai fiye da 21,000 suka sa hannu kan takardar ƙin amincewa, sabuwar yarjejeniyar haɗewa kuma ta kasa samun kashi biyu cikin uku na sanatoci. Sai da yaƙi da Sifaniya ya ɓarke aka bi ta wata hanya, aka haɗe tsibiran a Yulin 1898 da ƙudurin majalisun biyu wanda rinjaye kawai yake buƙata.

Yaƙin 1898

'Yan Kyuba sun sake tayar da yaƙin neman 'yanci daga Sifaniya a Fabrairun 1895. Janar Valeriano Weyler na Sifaniya ya kwashe mutanen karkara ya tsare su a sansanoni don kada su ciyar da 'yan tawaye, yunwa da cuta suka hallaka dubun dubata. Jaridun New York biyu, ta William Randolph Hearst da ta Joseph Pulitzer, da ke gasar neman masu karatu, suka riƙa kawo labarin kullum, wani gaskiya wani da ƙarin gishiri. Ranar 15 ga Fabrairun 1898 jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya tarwatse a tashar Havana, ma'aikata kusan 260 suka mutu. An ɗora wa Sifaniya laifi nan take, ko da yake binciken da Admiral Hyman Rickover ya jagoranta a 1976 ya karkata ga cewa daga cikin jirgin fashewar ta taso.

Majalisa ta amince da yaƙi a Afrilu, amma ta haɗa da alkawarin da Sanata Henry Teller ya gabatar, cewa Amurka ba ta da niyyar mallakar Kyuba. Alkawarin bai ambaci sauran yankunan Sifaniya ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Harbin farko mai muhimmanci a can Asiya aka yi shi: ranar 1 ga Mayu kwamandan sojan ruwan Amurka George Dewey ya nutsar da jiragen Sifaniya a gaɓar Manila, babban birnin Filifin da ke ƙarƙashin Sifaniya a lokacin. Ranar 12 ga Agusta aka tsagaita wuta. Sojojin Amurka da suka mutu a fagen daga ba su kai 400 ba, zazzaɓi da sauran cututtuka kuwa sun kashe fiye da 2,000.

Abubuwa biyu da suka faru a ƙarshen yaƙin sun nuna inda aka dosa. A birnin Santiago na Kyuba, an hana Janar Calixto García da mayaƙansa na Kyuba, waɗanda suka shekara uku suna fafatawa, shiga bikin miƙa wuyan Sifaniyawa. A Manila kuma, ranar 13 ga Agusta, kafin labarin tsagaita wutar ya iso, kwamandojin Sifaniya da na Amurka suka shirya ɗan artabu na jeka-na-yi-ka domin birnin ya faɗa hannun Amurkawa, mayaƙan jagoran 'yan tawayen Filifin Emilio Aguinaldo da suka kewaye shi su tsaya a waje, alhali tun 12 ga Yuni Aguinaldo ya ayyana 'yancin Filifin. A yarjejeniyar Paris ta 10 ga Disamba, Sifaniya ta saki Kyuba, ta miƙa Puerto Rico da Guam, ta kuma miƙa Filifin aka biya ta dala miliyan 20. Ba a gayyaci ɗan Kyuba ko ɗan Filifin ko ɗaya zuwa teburin ba.

Muhawarar da aka yi a gida

Masu goyon baya sun kawo hujjojinsu. Sun ce in Amurka ta bar Filifin, Jamus ko Japan za ta ɗauke ta, kuma gaskiya ne jiragen yaƙin Jamus sun yi dafifi a gaɓar Manila a wancan bazara. Sun ce Manila ƙofa ce zuwa kasuwar Sin. Sun kuma ce mutanen tsibiran ba su isa mulkin kansu ba tukuna, sai an koya musu, hujjar da Sanata Albert Beveridge ya fi kowa ɗaga murya a kanta.

Masu adawa, waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da mulkin mallaka a Boston a 1898, taron mutane ne da ba su saba zama inuwa ɗaya ba. Akwai attajirin ƙarfe Andrew Carnegie, da tsohon shugaba Cleveland, da marubuci Mark Twain, da shugaban ƙwadago Samuel Gompers, a majalisa kuma Sanata George Hoar na jam'iyyar McKinley ya ja daga. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ƙasar da aka gina kan cewa hukuma daga yardar jama'a take samun halacci ba za ta mulki wasu bisa tilas ba tare da ta rushe tushenta ba. Amma ba duka ne suka yi adawa don tausayin waɗanda za a mallaka ba. Gompers na tsoron kwararar ma'aikata masu arha, sanatocin kudu irin su Benjamin Tillman kuma ba sa son ƙarin miliyoyin mutane da ba fararen fata ba a ƙarƙashin tutar ƙasar. Wariyar launin fata ta yi aiki a ɓangarorin biyu, wasu ta sa su karɓa, wasu ta sa su ƙi.

Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar ranar 6 ga Fabrairun 1899 da ƙuri'a 57 da 27, wato da ƙyar ta haye kashi biyu cikin ukun da ake buƙata. A zaɓen shugaban ƙasa na 1900 ɗan takarar adawa William Jennings Bryan ya sa batun a gaba, McKinley ya kayar da shi.

Abin da ya samu waɗanda aka mallaka

Ga mutanen Filifin, tsugune ba ta ƙare ba. Kwana biyu kafin ƙuri'ar majalisa faɗa ya ɓarke tsakaninsu da sojojin Amurka, ya koma yaƙin sunƙuru da ya ɗauki fiye da shekara uku. An kama Aguinaldo a Maris 1901, aka ayyana ƙarshen yaƙin a Yulin 1902. Sojojin Amurka kimanin 4,200 ne suka mutu, mayaƙan Filifin kusan 20,000, fararen hula kuwa ana ƙiyasta aƙalla 200,000, galibi saboda yunwa da annoba. A lardin Batangas, Janar Franklin Bell ya tattara mutanen ƙauyuka a sansanoni, irin abin da aka la'anci Weyler a kansa a Kyuba, kuma wani kwamitin Majalisar Dattawa ya saurari shaidar sojoji kan azabtar da fursunoni ta hanyar ɗura musu ruwa.

A kudancin tsibiran, inda Musulmin Moro suke, Amurka ta fara da lallami. A 1899 ta ƙulla yarjejeniya da Sarkin Sulu, Jamalul Kiram na Biyu, ta yi alkawarin mutunta addini da al'adu tare da biyan sarki da hakimansa albashi, tsarin da ya yi kama da wanda Lugard ya shimfiɗa wa sarakunan Arewacin Nijeriya bayan cin Kano da Sakkwato a 1903. Da ta gama da arewacin Filifin sai ta soke yarjejeniyar a 1904. A Maris 1906 sojojinta suka kashe ɗaruruwan Moro, har da mata da yara, da suka fake a ramin dutsen Bud Dajo. A ɗaya hannun, gwamnatin mallaka ta buɗe makarantun gwamnati da yawa, ta kawo malamai daga Amurka tun 1901, ta kafa majalisar dokoki ta zaɓe a 1907, kuma waɗannan ne masu kare mulkin ke nunawa. Filifin ta samu 'yanci ranar 4 ga Yulin 1946.

A Puerto Rico ba a yi irin wannan yaƙi ba, amma rayuwar talaka ta sauya. An canza kuɗin tsibirin, peso, kowane ɗaya a kan santi 60 na dala, manoman kofi suka rasa kasuwarsu ta Sifaniya, guguwar Agustan 1899 ta lalata gonaki, kamfanonin sukari na Amurka kuma suka saye filaye masu kyau, ƙananan manoma da yawa suka koma 'yan ƙodago a gonakin rake.

Salon da ya fi arha

Tsadar yaƙin Filifin ta sanyaya gwiwar masu son mallaka kai tsaye, sai aka koma ga hanyoyin da ke ba da iko ba tare da ɗaukar nauyin mulki ba. An bar Kyuba da tutarta a 1902, amma sai da ta saka sharuɗɗan Sanata Orville Platt a tsarin mulkinta, waɗanda suka ba Amurka damar shigowa da soja in ta ga dama, da kuma hayar sansanin Guantanamo daga 1903. An soke sharuɗɗan a 1934, sansanin kuwa yana nan har yau. A Sin, Sakataren Harkokin Waje John Hay ya nemi a 1899 a bar ƙofar ciniki a buɗe ga kowa maimakon a raba ƙasar.

Panama ita ce misali mafi bayyana. Da majalisar Kolombiya, wadda Panama ke ƙarƙashinta a lokacin, ta ƙi amincewa da yarjejeniyar haƙa mashigi a 1903, Roosevelt, wanda ya gaji McKinley bayan an harbe shi a 1901, ya tura jiragen yaƙi suka kare masu ɓallewa a Panama, sabuwar ƙasar kuma ta ba Amurka ikon zirin mashigin kan dala miliyan 10 da 250,000 duk shekara. An buɗe shi a 1914, kuma bisa yarjejeniyar da Shugaba Jimmy Carter da jagoran Panama Omar Torrijos suka sa wa hannu a 1977 ya koma hannun Panama ranar 31 ga Disambar 1999. A 1904 Roosevelt ya faɗaɗa manufar Monroe, ya ce Amurka na da haƙƙin shiga duk ƙasar yankin da ta kasa biyan bashi ko tsare doka, abin da ya kai ga mamayar Nicaragua, da Haiti daga 1915 zuwa 1934, da Jamhuriyar Dominika. A 1917 ta sayi tsibiran Denmark na Karebiya kan dala miliyan 25, kuma a cikin wannan ciniki ta yarda ba za ta ƙalubalanci ikon Denmark a kan Greenland ba. Ita dai wannan ƙasa ce Majalisar Dattawanta ta ƙi shiga ƙungiyar ƙasashen duniya da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a daidai lokacin da sojojinta ke mulkin Haiti. Ƙin ƙawance da Turai bai taɓa hana ta nuna ƙarfi a inda take gani hurumin ta ne ba.

Waɗanda har yanzu ke ƙarƙashin hukuncin 1901

Tambayar da ta rage bayan 1898 ita ce ko tsarin mulkin Amurka na bin tutarta duk inda ta je. A jerin shari'o'in da suka fara a 1901, Kotun Ƙoli ta ƙirƙiro wani sabon matsayi: yankin da mallakar Amurka ne amma ba ɓangarenta ba ne, inda wasu haƙƙoƙi kawai ke aiki, sauran kuma sai abin da majalisa ta ga dama. Wannan ya karya ƙa'idar 1787. Hawai, inda fararen fata ke riƙe da tattalin arziki, ta zama jiha a 1959, kuma a 1993 majalisa ta nemi afuwa kan kifar da sarauniyarta. Sauran ba su samu haka ba.

Mutanen Puerto Rico sun zama 'yan ƙasar Amurka a 1917, ana ɗaukarsu soja, amma mazauna tsibirin, su fiye da miliyan uku, ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu a Majalisar Wakilai kuma ba ya kaɗa ƙuri'ar zartar da doka. Haka abin yake a Guam. Wanda aka haifa a Samoa ta Amurka ma ba ya zama cikakken ɗan ƙasa da haihuwa. A Afrilun 2022 Kotun Ƙoli ta yanke, da rinjayen alƙalai takwas da ɗaya, cewa majalisa na da ikon hana mazauna Puerto Rico wani tallafin tsofaffi da naƙasassu da mazauna jihohi ke karɓa, kuma a Oktoban wannan shekara ta ƙi sauraron ƙarar da wasu 'yan Samoa suka shigar suna neman a sake duba hukunce-hukuncen na 1901.